Waɗanda teku ta tofar a gaɓar Ostiraliya: ceto aka yi musu ko kamu?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun shekaranjiya wani labari yake ta yi mini yawo a rai, na ce bari in kawo shi nan, tunda Allah ya sa muna da 'yar'uwa da ke zaune a can Ostiraliya.

A Nuwamba 1796 wani jirgin 'yan kasuwa mai suna Sydney Cove ya taso daga Kalkata ta ƙasar Indiya ya nufi Sidni, wadda a lokacin ba ta kai shekara goma da kafuwa ba. Ya ɗauko barasa da yadi da shinkafa da sukari da tangaran. A tsakiyar teku ya fara yoyo. Da abin ya fi ƙarfinsu, a Fabrairu 1797, sai kyaftin Hamilton ya tura jirgin kan yashi a wani ɗan tsibiri da ke gefen Tasmaniya, aka sauke mutane da kaya. Ya zaɓi mutum 17 ya sa su a ƙaramin jirgi su je Sidni su nemo agaji. Shi ma ƙaramin ya farfashe a gaɓar da yanzu take cikin jihar Biktoriya. Turawa biyar ne da ma'aikatan jirgi 'yan Bengal 12, babu abin hawa, babu guzurin kirki, ga tafiyar ƙafa ta fiye da kilomita 600 a gabansu.

Sun yi wata biyu suna bin bakin teku. Wani William Clark, wanda shi ne mai kula da kayan jirgin, yana rubuta abin da ke faruwa, daga baya aka buga a wata jarida a Kalkata. Abin da ya tsaya mini shi ne koguna. Gaɓar nan cike take da bakunan koguna masu faɗi. Da farko sai sun sare itace sun ɗaure, su ɓata kwana biyu ko uku kafin su haye guda ɗaya. Daga baya 'yan asalin ƙasar ne suke yi musu fito a kwale-kwalensu na ɓawon itace, su ba su kifi da ƙumba, wani lokacin su raka su su nuna musu hanya. Abin da baƙin ke bayarwa 'yan ƙyallayen akoko ne. A ƙarshen Afrilu kuma wata ƙungiya ta far musu, aka soki Clark da mashi a tafin hannu biyu. A tsakiyar Mayu masunta suka tsinci mutum uku suna jan jiki a Wattamolla, kudu da Sidni. Uku cikin 17.

Tambayata ita ce: me ya sa abin da muka taso muna ji game da waɗannan mutane shi ne dabbanci da cin mutane, alhali shi kansa Baturen ya rubuta da hannunsa cewa su suka ciyar da shi?

Ɗan Yauri: Wa alaikumus salam Malam. Ni zancen fiton nan ne ya kama ni, don a bakin ruwa na tashi. Wanda bai san ruwa ba gani yake haye kogi abu ne mai sauƙi. Bakin kogi inda yake haɗuwa da babban ruwa shi ne wuri mafi haɗari, ruwa biyu ne ke ja. Kuma ƙaramin kwale-kwale ba ya son baƙo. Da baƙo ya ji ya karkata sai ya miƙe ko ya riƙe gefe, shi ke nan kun kife ku duka. Babanmu, Allah ya jiƙansa, in zai ɗauki wanda bai saba ba, sai ya zaunar da shi a tsakiya ya ce ya ɗora hannuwansa a gwiwa, kada ya kalli ruwa. To wanda ya ɗauki ƙaton mutum mai tufafi jiƙaƙƙu, ba ya jin yarensa ballantana ya ce masa zauna, a jirgin ɓawon itace, wallahi ransa ya sa a ciki. Ba don ƙyallen akoko ya yi ba.

Sadiya: Baba Malam, su 'yan Bengal ɗin fa? Su waye?

Malam Habu: 'Yata, kin taɓo inda yake mini ciwo. Su ne ake kira laskar, ma'aikatan jiragen Turawa da ake ɗebowa daga Indiya a kan kuɗi kaɗan, da yawa daga cikin masu wannan aiki Musulmi ne. Su suka fi yawa a tafiyar, su aka fi bari a hanya da ƙarfinsu ya ƙare. Cikin ukun da suka tsira, an rubuta Clark, an rubuta John Bennet, na ukun kuwa laskar kawai aka ce. Amma kwal ɗin da suka gani a wani gangaren dutse, suka hura wuta da shi, wannan bai ɓace ba. Nan da nan gwamna ya tura George Bass ya je ya duba, har yau sunan wurin Coalcliff.

Injiniya Tukur: Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ina da ja. Kada mu gudu daga ƙarya guda mu faɗa wata. Ai a cikin labarin da ka bayar ma an soki mutum. Ga kuma Eliza Fraser. Jirgin mijinta, Stirling Castle, ya daki duwatsun murjani a Mayu 1836 a kan hanyarsa daga Sidni zuwa Singafo. Sun yi makonni a ƙananan jirage kafin su sauka a wani babban tsibirin yashi. Mutanen wurin suka tuɓe musu kaya, suka rarraba su gida-gida, aka sa su ɗebo itace da tonon saiwa. Mijinta ya mutu a can, wasu ma'aikatan ma sun mutu. Sai da aka turo sojoji daga sansanin Turawa na Moreton Bay a Agusta aka karɓo ta. In aka tuɓe ka, aka raba ka da mijinki ko matarka, aka sa ka aiki dole, ni dai sunan abin da na sani shi ne bauta. Mu kira abu da sunansa.

Maman Ilham: Yaya Tukur, bari in shigo nan, don wannan tsibirin na taka shi da ƙafata. Daga Birisben inda muke, tafiyar awa huɗu ce a mota zuwa inda ake hawa jirgin fito. Da farko dai, Fraser ɗin da Turawa suka raɗa masa ba shi ne sunansa ba yanzu. Tun Yuni 2023 gwamnatin Kwinsilan ta mayar masa da sunansa na asali, K'gari. Harafin K ɗin ba a furta shi, abin da kunnena ya jiyo ya yi kusa da "gari" namu, har na waiwaya da na fara ji. Mutanen wurin sunansu Butchulla, kuma a 2014 kotu ta tabbatar musu da haƙƙinsu na gado a kan tsibirin.

Wurin yashi ne zalla, tsawonsa ya kai kilomita 120. Rana ta yi mini abin da ban zata ba, ni da na tashi a Katsina, don farin yashin yana mayar da ita fuskarka. Da yamma kuma wasu ƙananan ƙwari suka sauko, ba ka ganinsu sai dai ƙaiƙayi. Ilham ta kwana tana susa, ƙafafunta duk suka yi rudu-rudu. A daren nan na tuna abin da Eliza ta faɗa, cewa sun shafe mata jiki da mai da gawayi don wulaƙanci. Su Butchulla abin da suka gada daga kakanninsu shi ne, matar ta zo fatarta duk ta ƙone ta sale, matan suka shafa mata abin da su ma suke shafawa don rana da cizon ƙwari. Bayan na kwana ɗaya a can, na san wanda na fi gaskatawa.

Sannan ka duba abin da ya biyo baya. Zamanta a hannunsu bai kai wata biyu ba. Mutanen Sidni suka tara mata kuɗi. A farkon 1837 ta auri wani kyaftin Alexander Greene, suka tafi Ingila. A can ta je wurin magajin garin Landan a matsayin matar mamaci da ba ta da ko sisi, ba ta faɗi ta yi aure ba, ba ta faɗi kuɗin Sidni ba. Aka sake tara mata, sannan asiri ya tonu. Kuma duk lokacin da aka sake ba da labarin sai ya ƙara muni, har aka riƙa buga shi da zane-zanen mutanen da ba su ma yi kama da na Ostiraliya ba. Wannan labarin ne ya zagaya duniya. Da Turawa suka zo yankin don katako da kiwo, sun zo da shi a kansu, sun riga sun yanke hukunci a kan mutanen da za su tarar. Aka sa wa ƙasarsu sunan mijinta, suka zauna da shi sama da shekara 150.

A allunan da ke tsibirin an rubuta dokokinsu uku. Abin da zai amfani ƙasa shi ne gaba. Kada ka taɓa abin da ba naka ba. In kana da yalwa, dole ka raba.

Injiniya Tukur: Na ji, Hajiya, kuma gani ya kori ji. Amma allo na yanzu ne, ni ina maganar 1836. Ƙaryar da ta yi a Landan ba ta goge mutuwar mijinta ba.

Maman Ilham: Ba ta goge ba, kuma ban ce matar ba ta sha wuya ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A cewarta ta haihu a cikin jirgin nan da ruwa ya cika, jaririn bai rayu ba. Ta bar 'ya'ya uku a Sikotilan, ga miji ya mutu, ga zamanin da macen da ba ta da miji ba ta da komai. Ina iya gane abin da ya kai ta ƙofar magajin gari. Abin da ba zan yarda ba shi ne a ɗauki maganar mutum ɗaya da ke cikin firgici, ba ta jin kalma ko guda ta yaren, a hukunta al'umma da ita. Ko yadda mijin ya mutu, bakin waɗanda suka tsira bai zo ɗaya ba.

Ɗan Yauri: Injiniya, zancen rabawa gida-gida. Mutanen nan ba su da rumbu. Abin da aka samo yau shi za a ci yau. Kuma watannin Yuni da Yuli a can sanyi ne. Sai ga baki goma sha wani abu sun faɗo maka, ba mai iya kama kifi, ba mai sanin saiwar da ake ci da wadda ke kisa. Gida ɗaya zai iya? Ko a ƙauyenmu in jirgi ya kife aka tsamo mutane, rarraba su ake yi, wannan ya ɗauki biyu wancan ya ɗauki uku. In zaman ya yi tsawo kuma, baƙo zai bi mu gona. Ba wanda ya taɓa kiran wannan bauta.

Injiniya Tukur: To shi ke nan, na sassauta a kan wannan. Amma ga wanda ba za ku iya yi wa kwaskwarima ba. Jirgin Maria, 1840. Ya tashi daga Adeled zai je Hobat, ya farfashe kusa da Cape Jaffa. Mutum 26 ne a ciki, har da mata da ƙananan yara, sun fito da ransu. Mutanen yankin Coorong suka ɗauke su za su raka su, aka yi kwanaki ana tafiya tare. Ba wanda ya isa. An tsinci gawarwakinsu a binne cikin yashi, an ga tufafinsu a jikin mutanen wurin. Yara fa, Malam. Wace al'ada ce za ta wanke wannan?

Malam Habu: Babu, Injiniya. Kisan yaro kisan yaro ne ko wa ya yi. Na ji daɗi da ka kawo shi, don muhawarar da aka ɓoye wannan a cikinta ba ta gaskiya ba ce. Abin da zan ƙara kawai: shekara biyu kafin nan, a 1838, wani jirgi mai suna Fanny ya lalace a wannan gaɓar, mutanen yankin nan suka taimaki waɗanda ke ciki har suka tsira duka, ciki har da wani limamin coci da iyalinsa. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da Ngarrindjeri, wato mutanen yankin, suka riƙe a bakinsu shi ne, ma'aikatan jirgin Maria sun yi ta neman taɓa musu mata, an gargaɗe su ba su ji ba. Akwai kuma zancen iyaka: kowane dangi yana da inda ƙasarsa ta tsaya, mai rakiya ba ya wuce nan sai ya miƙa ka ga na gaba, su kuma baƙin suna matsa wa a wuce da su. Wannan bayani ne na yadda wutar ta tashi. Bai halatta jinin yaran ba.

Barista Nura: Malam, ku ba ni dama a nan, don abin da ya biyo bayan Maria har yau masana shari'a na Ostiraliya suna komawa kansa.

Gwamnan Kudancin Ostiraliya a lokacin George Gawler ne. Ya tambayi alƙali Charles Cooper ko za a iya gurfanar da waɗanda ake zargi. Alƙali ya ce dokar Ingila ba ta hau kan mutanen da ba su taɓa miƙa wuya ga mulkin ba, ba su ma san da shi ba. Ga kuma wata matsalar: kotu ba ta karɓar shaidar ɗan asalin ƙasa a lokacin, wai don ba zai iya rantsuwa irin ta Kirista ba. Sai Gawler ya tura shugaban 'yan sanda, Manjo Thomas O'Halloran, da umarnin ya kama waɗanda suka yi, ya yanke musu hukunci a nan take. Ya je ya tattara mutane, aka nuna biyu, ranar 25 ga Agusta 1840 ya rataye su a bakin teku kusa da kaburburan, aka tilasta wa danginsu kallo, aka ce kada a sauke gawarwakin.

Ku duba tufka da warwarar da ke ciki. Ingila ta ce duk ƙasar tata ce, duk wanda ke cikinta talakan Sarauniya ne. In haka ne, ba a rataye talakan Sarauniya babu kotu, babu lauya, babu shaida. In kuma su wata al'umma ce mai cin gashin kanta har kotu ba ta da iko da su, to ƙasar ta wace hanya ta zama ta Ingila? Jarida a Adeled ta yi ta surutu a kai. Da maganar ta isa Landan, lauyoyin gwamnati suka ce abin da aka yi ya saɓa doka, har ana iya tuhumar masu hannu a ciki da kisan kai. Ba wanda aka tuhuma. An kira Gawler gida a 1841, amma babban dalilin kashe kuɗi ne.

Injiniya, ni ma ina tare da kai cewa an yi ta'asa. Sai dai har yau ba wanda ya tabbatar cewa mutum biyun da aka rataye su ne suka yi.

Alhaji Isa Maraɗi: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Mu da muka yi karatu da Faransanci akwai namu labarin, kuma shi ne ya fi ba ni tausayi, don yana juya tambayar Malam Habu ta koma kan Turawan.

Narcisse Pelletier yaron jirgi ne daga wani garin masunta a yammacin Faransa, Saint-Gilles. A 1858 jirginsu Saint-Paul ya ɗauko 'yan ƙwadago 'yan Sin fiye da 300 daga Hong Kong zai kai su Sidni. Ya daki dutse a tsibirin Rossel, gabas da Niugini. Kyaftin da ma'aikatansa suka shiga ƙaramin jirgi suka bar 'yan Sin ɗin a can, kusan dukkansu ba su tsira ba. Bayan kwanaki a teku suka isa gaɓar Cape York a arewacin Ostiraliya. Yaron nan yana da shekara 14, ga rauni, ga ƙishirwa. Suka sha ruwa a wani ɗan rami, suka tafi suka bar shi. 'Yan'uwansa Faransawa ne fa suka yi masa haka.

Mutanen wurin, Uutaalnganu, suka tsince shi. Wani mutum mai suna Maademan ya ɗauke shi ɗa, aka raɗa masa suna Amglo. Ya koyi yare, ya koyi sukar kifi da harbin kunkurun teku, aka yi masa tsage a ƙirji, aka huda masa kunne da hanci kamar kowane namiji a cikinsu. Shekara 17. A Afrilu 1875 ma'aikatan wani jirgin Ingilishi mai suna John Bell suka hango farin mutum cikin baƙaƙe, suka yaudare shi da kyauta ya shigo jirgi, suka nuna bindiga suka tafi da shi. Su a wurinsu ceto suka yi. Shi kuwa har ya mutu yana cewa sace shi aka yi. Faransancinsa ma sai a hankali ya dawo masa.

Ya isa garinsu a farkon 1876, aka yi masa gagarumar tarba, iyayensa suna raye. Aka ba shi aikin tsaron hasumiyar fitilar da ke yi wa jirage jagora a Saint-Nazaire. Ya yi aure, ya mutu a 1894 yana da shekara 50. Ni abin da nake tunani kullum shi ne Maademan, ko waɗanda suka rage a gidansa. Ka rene yaro shekara 17, wata safiya ka tsaya a bakin ruwa kana kallo jirgi ya tafi da shi, ba sallama.

Sadiya: Innalillahi. Baba Alhaji wannan ya sa ni hawaye. Amma me ya sa suke ɗaukar baƙon kamar ɗansu na jini haka? Mu ma muna karrama baƙo, amma ba mu ce masa kai ne ɗanmu ba.

Malam Habu: A wurare da yawa akwai dalili na imani. Suna ganin mamaci in ya dawo fari yake dawowa. To sai ga mutum fari fat ya fito daga teku. Wata tsohuwa ko wani dattijo sai ya dube shi ya ce ai wannan wane ne nawa da ya rasu. Daga ranar yana da uwa da uba da ƙanne, yana da wanda zai ci a hannunsa da wanda zai yi wa kunya.

Haka aka yi wa Barbara Thompson, yarinya 'yar Sikotilan. Jirginsu America ya nutse a 1844 a mashigin Torres, mijinta ya halaka. Mutanen Kaurareg da suka fito farautar kunkuru suka tsamo ta, wani dattijo ya ce 'yarsa Giom ce ta dawo. Ta yi shekara biyar a tsibirin Muralag da wannan suna, sai a Oktoba 1849 ta bi jirgin sojan ruwa Rattlesnake. Mai zanen jirgin, Oswald Brierly, ya zauna da ita makonni yana rubuta abin da take faɗa, kuma yawancin abin da aka sani na rayuwar Kaurareg ta wancan zamani daga bakinta ya fito. Ita ma Eliza da wannan hanyar aka karɓo ta. John Graham, fursunan da ya taɓa gudu ya zauna shekara shida cikin mutanen yankin, shi ya shiga ya ce kurwar matarsa ce, suka sakar masa ita.

Amma wanda nake so Injiniya ya ji shi ne James Morrill. Jirgin Peruvian, 1846. Mutum 21 suka hau katakan da suka ɗaure, suka yi kwana 42 ruwa na yawo da su. Yunwa ta kai su ga yanke ƙafar wanda ya mutu su yi tarkon kifin shak da ita. Bakwai suka isa gaɓa kusa da inda Townsville take yanzu, huɗu suka rayu har mutanen ƙasar suka same su. Cikin shekara biyu sauran ukun suka rasu, ya rage shi kaɗai. Shi ma shekara 17 ya yi. A ƙarshen zamansa, Turawa masu kiwon tumaki suka iso yankin, aka fara harbe mutanen da yake kira 'yan'uwa. A Janairu 1863 ya je wani tafki ya dirje jikinsa don farinsa ya fito, ya hau shingen wasu makiyaya ya yi musu magana kada su harba. Turancin ya kuɓuce masa, maimakon ya ce shi talakan Birtaniya ne sai ya ce shi kayan Birtaniya ne.

Mutanensa sun ba shi saƙo ya kai wa Turawa. Su bar musu ƙasar da ke arewa da kogin Burdekin, su bar su su kama kifi a koguna, su bar musu fadamun bakin teku inda suke tonon saiwa, tunda wuraren ba su da amfani ga mai kiwo. Ya isar da saƙon, har aka buga shi a ɗan littafin tarihinsa. Ya nemi a sa shi ya zama mai shiga tsakani. Aka ba shi aiki a kwastan na garin Bowen. Ya mutu a Oktoba 1865 yana da shekara 41, mutanen ƙasar suka taso daga nesa suka shigo gari suka yi masa makoki.

Injiniya Tukur: Wannan saƙon ya yi mini nauyi, Malam. Ba su ce a tafi a bar musu ƙasarsu ba ma, fadama kawai suka roƙa. Har yanzu ina nan a kan cewa wanda teku ta jefa wa hannunsu yana iya dacewa yana iya rashin dacewa, kamar ko'ina a duniya. Amma na yarda ban taɓa jin sunan Morrill ko Pelletier ba sai yau, alhali Eliza tun ina jami'a na san ta.

Barista Nura: Ka ƙara da Kaurareg ɗin da suka riƙe Barbara. A 1869 aka kashe mutanen wani jirgi mai suna Sperwer, aka ɗora musu laifin, aka kai musu harin ramuwa a Muralag aka kashe su da yawa. Daga baya bincike ya nuna mutanen wani tsibiri ne daban.

Maman Ilham: A yammacin ƙasar ma akwai. Jirgin Stefano na mutanen Kuroshiya ya farfashe a Ningaloo a Oktoba 1875. Goma suka fito, takwas suka mutu da yunwa da ƙishirwa, saura samari biyu da suka kai ga cin naman 'yan'uwansu. Mutanen wurin suka ɗauke su, suka yi jinyarsu wata uku, suna tafe da su daga rijiya zuwa rijiya har suka haɗa su da wani jirgi a Afrilu 1876. A Disamba na wannan shekarar kuma jirgin Georgette yana nutsewa a kudu, wani makiyayi ɗan asalin ƙasa, Sam Isaacs, shi ya fara hangowa, ya ruga ya faɗa, shi da 'yar gidan da yake wa aiki, Grace Bussell, suka shiga igiyar ruwa a kan dawakai suna fito da mutane. Ita aka ba ta lambar azurfa, shi ta tagulla.

Sadiya: Anti, su Butchulla ɗin kin samu kin yi magana da wani cikinsu? Ina so in san ko suna jin haushin matar har yanzu.

Maman Ilham: Na yi, da wata dattijuwa da muka zauna kusa a jirgin fito lokacin dawowa. Ta ga ƙafar Ilham ta ce in daina barinta tana susa, ta kwatanta mini man da zan saya. Na so in tambaye ta zancen Eliza, sai na ji nauyi, don na san kowane baƙo abin da yake tambayarta ke nan. Ita ce ta tambaye ni daga ina muke. Na ce Najeriya. Ta ce a'a, ba ƙasar fasfo ba, su waye mutanena, yarenmu me ake kiransa, kuma ina koya wa yarinyar? Na ce Hausa, tana ji amma ba ta mayarwa sosai. Ta kama hannun Ilham ta sa ta maimaita sunan tsibirin sau uku har ta faɗe shi daidai, sannan ta ce ita ma ta koya mata yadda ake gaisuwa da Hausa. Muna sauka tana ta maimaita "sannu, sannu" don kada ta manta.

Alhaji Isa Maraɗi: Hajiya, in kin sake komawa ki gaishe ta. Malam Habu, ina da tambaya a kan jiragen Holan na can baya, Batavia ta 1629 da samarin nan biyu da aka ajiye a gaɓa aka tafi, da mutum 68 na Vergulde Draeck da aka bari a 1656 aka dawo ba a same su ba. Amma an kira magariba a nan. In na dawo daga masallaci zan rubuto.